A Wace Shekara Yakan Fara? Bayani a Kan Ciwon Hawa da Sauka

Mu da muke zaune a Narayi maƙwabtan asibitin Barnawa ne. Tun muna ƙanana muke jin yara suna tsokanar juna da cewa, "Za a kai ka Barnawa," kamar yadda 'yan Kano suke ambaton Dawanau. Muna dariya mu wuce. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambaya ko su wane ne ake kaiwa can, ko kuma shekarunsu nawa sa'ad da ciwon ya fara kama su. Amsar za ta ba mu mamaki, gama da yawa daga cikinsu tsaran 'yan ajinmu na ƙarshe ne, ko tsaran yayyenmu da suke jami'a. Saboda haka muka ga ya dace mu yi wannan bayani domin 'yan makaranta, da malamai, da iyaye, da 'yan'uwa na ikilisiya.

MENE NE WANNAN CIWO?

Kowane mutum yana da ranar farin ciki da ranar baƙin ciki. Wannan ba ciwo ba ne. Ciwon da muke magana a kai shi ne wanda yanayin zuciyar mutum yakan hau ko ya sauka fiye da kima, ya daɗe a haka, har ya hana shi karatu, ko aiki, ko zama lafiya da mutane.

Sa'ad da ciwon ya hau, mutum yakan kwana biyu ko uku ba barcin kirki, duk da haka ba ya jin gajiya. Magana takan yi masa yawa, yana barin wannan zance yana kama wancan. Yakan kashe kuɗi ba lissafi, ya raba kayansa, ya yi fushi da duk wanda ya tsaya masa a hanya. Likitoci sukan duba ko wannan hali ya kai mako ɗaya, ko kuwa ya yi tsanani har sai an kwantar da mutum a asibiti.

Sa'ad da ciwon ya sauka, sai mutum ya yi shiru, ya bar cin abinci, ya bar wanka, abin da yake so a dā ya fita masa a rai. Yakan ga kansa ba shi da amfani. Idan wannan ya kai mako biyu ba sauƙi, ya zama abin kai wa likita.

Wanda yake fama da hawan, ko da saukar ta biyo baya ko ba ta biyo ba, likitoci suna ce da ciwonsa baifola, wato mai gefe biyu. Mu a nan za mu kira shi ciwon hawa da sauka. Wanda kuma sauka kaɗai yake yi, shi ne mai ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane miliyan 40 ne suke da ciwon hawa da sauka a duniya, masu ciwon damuwa kuwa miliyan 280.

Wani lokaci, a tsakiyar hawan ko saukar, sai hankali ya ruɗe. Mutum ya riƙa jin muryoyin da ba kowa yake ji ba, ko ya gaskata abin da ba haka yake ba, kome kuwa za a faɗa masa ba zai sake ba. Abin lura shi ne, ruɗewar takan bi yanayin da zuciya take ciki. Mai hawa yakan ce shi annabi ne, ko gwamna yana jiransa, ko ya gano abin da zai ba dukan Najeriya wutar lantarki. Mai sauka yakan ce ya yi zunubin da ba a gafartawa, ko hanjinsa ya ruɓe, ko shi ne ya jawo wa gidansu talauci. Kusan rabin masu ciwon hawa mai tsanani, ko fiye da haka, sukan sami irin wannan ruɗewa aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu.

Wani likita Bajamushe mai suna Emil Kraepelin ne ya raba wannan ciwo da ɗan'uwansa a shekarar 1899. Ya lura cewa akwai masu taɓin hankali iri biyu. Waɗansu ciwon yakan zo ya tafi, su koma daidai a tsakani. Waɗansu kuwa yakan zauna musu. Na biyun shi ne ake kira sikizofireniya a yau. Na farkon shi ne namu. Wannan bambanci yana da muhimmanci, gama maganinsu ba ɗaya ba ne.

SHEKARUN DA YAKAN FARA

A shekarar 2022 wani likita mai suna Marco Solmi da abokan aikinsa suka tattara bincike 192 daga ƙasashe dabam-dabam, wanda ya shafi mutane fiye da 700,000. Suka tarar cewa a cikin waɗanda suka taɓa yin ciwon da ya shafi tunani, kusan kashi 35 cikin 100 ya fara musu kafin shekara 14, kashi 48 kafin shekara 18, kashi 62 da rabi kuma kafin shekara 25. Game da cututtukan yanayin zuciya, da kuma na ruɗewar hankali, shekarar da aka fi samun farawa ita ce wajen 20 zuwa 21. Littafin da likitocin Amurka suke aiki da shi, a bugunsa na shekarar 2013, ya sa matsakaicin shekarar fara ciwon hawa mai tsanani a wajen 18.

Mu duba waɗannan lambobi, mu kuma duba rajistar makarantarmu. Yaro yakan shigo JSS1 yana da shekara 11 ko 12, ya fita SS3 yana da 17 ko 18. Daga nan sai jami'a ko kwaleji, sai bautar ƙasa. Ashe shekarun da ciwon ya fi farawa su ne daga ajinmu na sama zuwa lokacin da aka gama bautar ƙasa.

Waɗansu masu bincike a ƙasar Faransa, ƙarƙashin Frank Bellivier, sun nuna a farkon shekarun 2000 cewa masu ciwon hawa da sauka sun kasu kashi uku bisa ga shekarar farawa. Kashi na farko sukan fara a wajen shekara 17, na biyu a tsakiyar shekaru ashirin, na uku daga wajen 40 zuwa sama. Bari mu bi su ɗaya ɗaya, mu kuma ƙara da mai jego.

1. Ƙuruciya da samartaka

Kafin balaga, cikakken ciwon hawa ba safai ake ganinsa ba. Bayan balaga ne yake yawaita. Wanda ciwon ya fara masa da wuri, sau da yawa akan tarar akwai wani a danginsa da ya taɓa yin irinsa. Shi ne kuma ya fi shiga ruɗewar hankali, ya fi faɗawa shaye-shaye, ya fi daɗewa kafin a gane abin da yake damunsa. Wani bincike da aka tattara ya nuna cewa tsakanin farawar ciwon da samun maganin da ya dace akan yi kimanin shekara shida. Shekara shida ita ce dukan zaman sakandare.

Me ya sa ake jinkiri haka? Domin ciwon yakan zo da kamannin rashin ji. Mu ɗauki misali. A ce akwai wani ɗan SS2 mai natsuwa, wanda bai taɓa shiga ofishin shugaban makaranta ba. Kwatsam sai ya fara tashi ƙarfe biyu na dare yana waƙa a ɗakin kwana, ya cika littafin lissafi da tsarin wani kamfani da zai kafa, ya tsaya a aji yana gyara wa malami magana, ya ba da takalmansa da kuɗin jarrabawarsa kyauta. Abin da zai fara zuwa mana a zuciya shi ne bulala, ko yankan ciyawa, ko kora. Wani zai ce ya fara shan wiwi. Wani zai ce an yi masa sammu domin yana da ƙoƙari. Da wuya a sami wanda zai tambaya, "Kwana nawa yaron nan ya yi bai yi barci ba?" Alhali kuwa wannan ita ce tambayar da likita zai fara yi.

Haka kuma yarinyar da ta yi shiru makonni, ta bar cin abinci, ta ce muryoyi suna gaya mata ita la'ananniya ce. Likitoci sun lura cewa matashin da ya fara da damuwa mai haɗe da ruɗewar hankali, yana da haɗarin hawa daga baya fiye da wanda damuwarsa ba ta da ruɗewa. Shi ya sa suke ci gaba da ganinsa ko bayan ya warke.

2. Shekaru ashirin zuwa talatin

Nan ne lokacin barin gida, karatun dare har asuba, neman aiki, neman aure. A nan Najeriya akwai wani abin lura. A shekarun 1980 likita Roger Makanjuola na Ile-Ife ya rubuta cewa a cikin marasa lafiyarsa Yarabawa, da yawa hawa kaɗai suke yi, ya zo ya tafi ya sake dawowa, ba a ga saukar ba. Saboda haka kada mu jira sai mun ga gefe biyun kafin mu yarda ciwo ne.

3. Mai jego

Cikin kowace haihuwa 1,000, mace ɗaya ko biyu takan shiga ruɗewar hankali, yawanci cikin mako biyu na farko, wato daidai lokacin suna da wankan jego. Takan kasa barci ko da jariri ya yi barci, ta rikice, ta ce an sauya mata jariri, ko ta ji tsoronsa. Macen da take da ciwon hawa da sauka tun dā, haɗarinta ya kai kimanin ɗaya cikin biyar. Wannan abin gaggawa ne kamar zubar jini. Ran da aka gani, ran nan za a tafi asibiti, kada kuma a bar ta ita kaɗai da jaririn. Labari mai daɗi shi ne yawancinsu sukan warke sarai. Iyayenmu na zumuntar mata, ku ne kuke zuwa barka, ku ne kuma za ku fara gani.

4. Manya da tsofaffi

Idan mutum ya kai shekara 50 bai taɓa yin ciwon hawa ba, sa'an nan ya fara, likita zai fara neman dalili a jiki: shanyewar ɓarin jiki, ko ƙari a ƙwaƙwalwa, ko ciwon maƙoƙo, ko wani magani da yake sha. Damuwa mai haɗe da ruɗewa kuwa ta fi yawa a tsofaffi. Kaka za ta ƙi abinci, ta ce ba ta da ciki, ko ta ce ita ce ta kashe wane da wane. A garuruwanmu irin wannan magana tana da haɗari ƙwarai, gama jama'a sukan ɗauka mayya ce take tona asirin kanta. Tsohuwa marar lafiya ce, magani take bukata.

ME YA SA A WAƊANNAN SHEKARU?

Dalili na farko gado ne. Idan tagwaye masu kama ɗaya ne, ɗaya ya kamu da ciwon hawa da sauka, ɗayan yana da haɗarin da ya kai kashi 40 zuwa 70 cikin 100. Ɗan wanda yake da ciwon kuwa haɗarinsa wajen kashi 5 zuwa 10 ne. Mu lura da abu biyu a nan. Gado yana da ƙarfi, amma tara cikin goma na 'ya'yan masu ciwon ba za su yi shi ba. Don haka ba daidai ba ne a hana aure a gida dungum saboda mutum ɗaya.

Dalili na biyu shi ne girman ƙwaƙwalwa. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda yake riƙe linzamin mutum, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Tsakanin balaga da wannan lokaci ana ta gyare-gyare a cikinta, ga kuma sauyin sinadaran jiki. Idan akwai rauni na gado, a wannan lokaci ne ya fi bayyana.

Dalili na uku shi ne abin da yake tayar da ciwon. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Rashin barci yana kan gaba. Ɗalibin da yake kwana bakwai yana shan kofi da goro domin WAEC, idan yana da raunin, yana kiran ciwon da kansa. Sai baƙin ciki mai nauyi, kamar mutuwar iyaye ko abin da mutum ya gani a lokacin rikici. Mu mutanen Kaduna mun san abin da ya faru a 2000, da 2002, da 2011, mun kuma san ba jiki kaɗai ya ji rauni ba. Sai ƙwayoyi. Wiwi yana ƙara haɗarin ruɗewar hankali, yana kuma sa ta zo da wuri. Taramol da kodin su ma suna ɓarna, har gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a shekarar 2018. 'Yan matanmu kuma su yi hankali da ƙwayoyin ƙara ƙiba irin su dezametason, gama suna iya tayar da hawa ko da ga wanda bai taɓa yi ba.

BA KOWACE RIKICEWA CE WANNAN CIWO BA

Yaron da yake da zazzaɓi mai zafi yana sambatu, bai san inda yake ba, mu fara tunanin zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko taifot, ko sanƙarau. Wannan na asibiti mafi kusa ne, cikin sa'ar nan. Farfaɗiya ma takan bar mutum a ruɗe na ɗan lokaci. Aikin rarrabewa na likita ne. Namu shi ne mu kai mutum da sauri, mu kuma ba da labari daidai: yaushe ya fara, yaya barcinsa, me yake sha, wa ya taɓa yin irinsa a gida.

AKWAI MAGANI

A shekarar 1949 wani likita a ƙasar Ostareliya mai suna John Cade ya gano cewa gishirin litiyam yana kwantar da hawa. Har yau ana aiki da shi, amma sai da gwajin jini a kai a kai. A 1952 aka fara ba masu ruɗewar hankali maganin kulofuromazin a birnin Faris, daga baya aka sami waɗansu sababbi. Akwai kuma maganin balfurowet, wanda yake da haɗari ga jaririn da yake ciki, don haka dole mace ta gaya wa likita idan tana da ciki ko tana shirin ɗauka. Kada wani ya je kemis ya sayi maganin damuwa da kansa, gama ga mai ciwon hawa da sauka, maganin damuwa shi kaɗai yana iya jefa shi cikin hawa.

A ƙasarmu, likita Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta a shekarar 1954. Marar lafiya yakan sauka a gidan mutanen ƙauye tare da wani danginsa, ya je asibiti da rana, ya dawo cikin jama'a da yamma. Lambo ya nuna wa duniya cewa mutum ya fi saurin warkewa a tsakiyar mutane. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Asibitinmu na Barnawa an kafa shi a shekarun 1970, gwamnatin tarayya kuma ta karɓe shi a tsakiyar shekarun 1990. Akwai irinsa a Kware ta jihar Sakkwato da Maiduguri, akwai kuma sashen wannan aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Duk da haka mutanenmu ba su cika zuwa ba. Binciken da Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya jagoranta, wanda aka buga a 2006, ya tarar cewa cikin masu ciwo mai tsanani, kimanin 8 cikin 100 ne kawai suka sami magani a shekarar da ta gabaci binciken. A 2019 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoton mutane da aka ɗaure da mari a sassan Najeriya, a gidajen masu maganin gargajiya, da wuraren addu'a na Kirista da na Musulmi, har da waɗansu wuraren gwamnati. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba marasa lafiya haƙƙin a kula da su da mutunci.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ga 'yan makaranta: kai ne kake kwana kusa da abokinka, ke ce kike zama benci ɗaya da ƙawarki. Idan ya kwana uku ba barci yana ta surutu, ko ta yi mako biyu tana kuka ba ta cin abinci, a gaya wa malamin ɗakin kwana ko ma'aikaciyar jinya. Wannan ba tsegumi ba ne. Idan wani ya ce ya gaji da rayuwa, ko ya roƙe ka ka rufa masa asiri, kada ka rufa, kada kuma ka bar shi shi kaɗai.

Ga malamai: mu bambanta yaron da halinsa ke nan tun shigowarsa da yaron da ya sauya cikin mako biyu. Na biyun, a kira iyayensa kafin a ɗauki bulala. Wanda kuma ya dawo daga jinya, a ba shi kujerarsa, a hana a sa masa suna.

Ga iyaye: kada kunya ta sa mu ɓoye wa likita cewa kawun yaro ko kakarsa sun taɓa yin irin wannan. Wannan labari yana iya rage shekarun nan shida zuwa makonni. Idan yaro ya sami sauƙi, kada a tsayar da magani sai likita ya ce, gama tsayarwa farat ɗaya ita ce ta fi dawo da ciwon.

Ga fastoci da dattawan ikilisiya: wurinku ake fara kawo yaro. Ku yi masa addu'a, sa'an nan ku raka iyayensa asibiti, kamar yadda kuke yi wa mai ciwon sukari ko hawan jini. Kada a sa mai hawa azumi da kwanan addu'a, gama rashin barci da rashin abinci ƙara masa ciwo suke yi. Kada kuma a ce wa mai sauka rashin bangaskiya ne ya jawo masa, domin ciwon ya riga ya cika shi da zargin kansa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu wannan ciwo da suka sami magani da wuri, suka riƙe shi, suka kiyaye barcinsu, da yawa sun gama karatu, sun yi aure, suna koyarwa, suna kasuwanci, wataƙila muna zama benci ɗaya da waɗansunsu ran Lahadi ba mu sani ba. Daga Narayi zuwa ƙofar asibitin Barnawa tafiyar 'yan mintoci ce a keke napep. Waɗansu daga ƙauyuka masu nisa suke tasowa tun asuba domin su iso wurin. Mu da muke kusa, kada mu zama na ƙarshe.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu kuma idon ganewa da wuri. Amin.